Gadon Tankin Kifi: Nauyin Ruwa da Amanar Katako

Laccar da aka gabatar ga matasa masu kiwon kifi da kafintoci a Gyadi-Gyadi, ƙaramar hukumar Tarauni, Kano

 



Na san da yawa daga cikinku sun zo ne da tsammanin jin maganar iri, ko abinci, ko inda za a sayar da kifi ya yi daraja. Duk waɗannan suna da muhimmanci, kuma akwai waɗanda suka fi ni saninsu a cikin wannan ɗaki. Ni abin da na zaɓa shi ne abin da ke ƙarƙashin tankin, wato katakon da ake ɗora shi a kai. Wasu na ce masa teburi, wasu na ce masa ƙafar tanki, ni kuwa zan kira shi gado. Shi ne wanda ake bai wa mafi ƙarancin kuɗi da mafi ƙarancin tunani, alhali duk jarin a kansa yake kwance dare da rana.

Yadda kifi ya shigo tsakar gida

A da, kifin Kano na Sarkawa ne da masunta, daga kogi da tafki yake zuwa, ko kuma bandarsa ta zo daga Tafkin Chadi. Kiwonsa a kududdufin da aka haƙa musamman ya fara kankama a Arewa ne a farkon shekarun 1950, da gonar kifi ta Panyam da ke jihar Filato a yau. Zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsun ruwa irin su Bagauda da Tiga, wadda aka kammala a 1974, kifi ya ƙara kusantar mutanen birni. Daga baya tarwada ta zama sarauniyar kiwo, domin tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, tana jure cunkoso, kuma idan ta samu abinci mai kyau takan kai kilo 1 cikin wata 5 zuwa 6. Yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan nau'in tarwada. Wanda ya je kasuwar kifi ta Galadima da safe, ko ya bi titin Gidan Zoo da daddare ya ga masu gashi, ya san akwai masu saye.

To amma mu a nan Gyadi-Gyadi da Tarauni, da Daurawa da Darmanawa da Unguwa Uku, fili ya yi mana tsada. Da yawanmu gidan haya muke, mai gida ba zai yarda a haƙa masa rami ko a gina masa kwami na siminti ba. Shi ya sa muka koma ga tankin roba, da mai keji mai cin lita 1,000, da duro, da tamfol. Dole kuma a ɗaga tankin sama da ƙasa, saboda ruwan tarwada yana buƙatar canji a kai a kai, kuma idan gindin tanki ya fi lambatu tudu, buɗe famfo kawai za ka yi ruwan ya gangara da kansa. Daga nan kafinta ya shigo cikin sana'ar kifi.

Abin da ya same ni

Ban zo da wannan magana daga karatu kawai ba. Shekarun baya na ajiye tanki mai lita 1,000 a tsakar gidana, na zuba 'ya'yan tarwada. Na kira wani kafinta na ce ya yi mini abin ɗora tanki, muka yi ciniki, na matsa masa ya rage, ya rage. Kafin la'asar ya gama. Ƙafa 4 ya yi masa da tu-bai-tiri, ya manna katakon sama a jikin ƙafafun ya buga ƙusa bibbiyu daga gefe. Na hau kai na yi tsalle, ko gezau. Na ce aiki ya yi.

Wata 3 abin na tsaye lafiya. Wani dare cikin watan Agusta, bayan an kwana biyu ana ruwa, muka ji ƙara kamar katanga ta faɗi. Na fito da tocila na tarar da tanki a kife, ruwa ya shiga ɗakin girki, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har zauren maƙwabcina, kifi na ta mutsu-mutsu a kan daɓe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a daidai wurin da tankin ya faɗo yarana ke shimfiɗa tabarma lokacin zafi. Allah Ya tsare, damina ta kore su ɗaki.

Da gari ya waye na tsuguna na ɗauki ƙafar da ta fita. Katakon bai karye ba, lafiyarsa ƙalau. Ƙusoshin ne suka lanƙwashe kamar ƙugiya, sun yi jawur da tsatsa, ramin da suka shiga ya buɗe ya yi laushi har ina iya tura ɗan yatsa. A nan na gane cewa duk watannin nan ƙusa 8 ne ke ɗauke da tankina. Ban ɗora wa kafintan laifin shi kaɗai ba. Teburi na ce ya yi, teburi ya yi. Ban gaya masa nauyin da zai hau kai ba, domin ni ma ban lissafa ba.

Mu lissafa nauyin ruwa

Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Wannan shi ne tushen laccar yau, ku riƙe shi. Jarkar ɗan garuwa mai lita 25 kilo 25 ce. Duro mai lita 200 daidai yake da buhun siminti 4. Tanki mai lita 1,000 kuwa tan guda ne cur, wato buhun siminti 20, ban da nauyin tankin kansa. Idan ka raba wa ƙafa 4, kowace na ɗauke da buhu 5. Ina tambayar kafintocinmu: wa zai yarda ya rataya buhun siminti 5 a jikin ƙusa biyu, ya bar su wata da watanni cikin danshi?

Tsallen da na yi a kan gadona bai gwada komai ba. Babban mutum bai kai buhu 2 ba, kuma daƙiƙa kaɗan ya yi ya sauka. Ruwa kuwa ba ya sauka. Katakon da aka ɗora wa kaya na tsawon lokaci yakan ci gaba da saki sannu a hankali, kamar yadda kuke ganin kantar shago ta yi ciki bayan shekara. Sannan ruwan kifi ba a kwance yake ba. Ku watsa abinci ku ga yadda tarwada ke birkita shi, tankin na jijjiga. Wannan jijjigar ce ke sassauta ƙusa kullum, safe da yamma.

Darasin gwafa da azara

Maganin wannan matsala yana hannun kakanninmu tun da daɗewa. Ku dubi rumfar kara a ƙauye. Ana kafa gwafa, a ɗora sandar gicciye a cikin bakinta, sannan a ɗaure da igiya. Igiyar ba ta ɗaukar nauyin rumfa, aikinta ta hana sandar zamewa. Nauyi na sauka daga sanda zuwa gwafa, daga gwafa zuwa ƙasa. Ko igiyar ta ruɓe, rumfar na nan tsaye.

Ku shiga Gidan Makama ku ɗaga kai ku dubi rufi. Maginan Hausa sun san azarar giginya tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika damunta ba, amma duk da haka ba sa barinta ta tsallake tazara mai nisa ba tare da madogara ba. Suna gajarta tazarar, su jera azara kusa da kusa, su ɗora wata kan wata. Da wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ku dubi rumbu kuma, yadda ake ɗora shi kan duwatsu don kada danshi da gara su kai ga hatsi.

Abu 3 ke nan muka gada: katako ya hau kan katako, tazara ta zama gajera, ƙafa kada ta taɓa turɓaya. Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Nauyin tanki ma ƙasa yake nema. Aikin kafinta shi ne ya shimfiɗa masa hanya miƙaƙƙiya ta cikin katako har ya isa can. Idan hanyar ta bi ta kan ƙusa, wata rana nauyin zai nemi tasa hanyar.

A kasuwar katako

Daga nan idan ka bi titin Zariya ka wuce Unguwa Uku, ga 'Yan Katako na Na'ibawa. Ka je da kanka tare da kafintanka, ka riƙe tef a aljihu. Sunan tu-bai-fo ba ya nufin inci 2 da inci 4 cif, sau da yawa yankan na gazawa, don haka ka auna. Ka ɗaga kowane katako ka sa ido a kansa ɗaya ka hango ɗaya kan, kamar mai saita bindiga. Wanda ya yi baka ko ya murɗe, ajiye shi. Wanda ke da babban gaɓa a tsakiya, ko tsaga, ko 'yan ramuka masu zubar da gari, shi ma ajiye shi, ƙwaro na ciki.

Farin katako irin obeche yana da sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, amma ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya kuma ba ya jure ruwa. A bar shi ga silin da kayan cikin ɗaki. Gadon tanki na son jan katako mai nauyi, dangin maɗaci ko iroko, ko wani mai tauri da aljihunka zai iya. Araha ba ta ado, a nan kuwa har ɓarna take yi.

Sai maganar bushewa. Yawancin katakonmu daga dazukan Kudu yake zuwa, wani da ruwansa a jiki. Ya iso Kano ya gamu da hunturu, sai ya tsuke, ya tsage, ya murɗe, mahaɗar da ta matse a watan Satumba ta yi sako-sako a watan Janairu. Ɗanyen katako yana da sanyi a tafin hannu, ya fi ƙima nauyi, garinsa na manne wa zarto. Idan shi ka samu, ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi iska ta ratsa, ka ba shi makonni kafin a taɓa shi.

Haɗa gadon

Bari mu ɗauki tanki mai keji, wanda gindinsa ya kai mita 1.2 a tsawo da mita 1 a faɗi. Farko tsayi. Kada gado ya wuce abin da ake buƙata don ruwa ya gangara, ƙafa 1 da rabi zuwa ƙafa 2 ya isa a yawancin gidaje. Duk abin da aka ƙara a tsayi, an ƙara shi ne a layi da haɗari.

Na biyu, firam ɗin sama. A yi shi da tu-bai-fo a tsaye kan gefensa, kada a kwantar da shi. Katako ɗaya ne, amma a tsaye ƙarfinsa ya ninka na kwance sau 2, taurinsa wajen ƙin lanƙwasa ya ninka sau 4. Ku gwada da rular ɗan makaranta: a kwance tana tanƙwaruwa da yatsa biyu, a tsaye ba ta yarda. A cikin firam ɗin a jera 'ya'yan gado, su ma a tsaye, tazararsu kada ta wuce ƙafa 1, kuma kowanne ya samu abin da kansa zai zauna a kai. Dalilin matse tazara shi ne, idan ka ninka nisan da katako zai tsallake, cikin da zai yi ba ninki 2 ba ne, yakan kai ninki 8 ko fiye. A kan wannan sai a shimfiɗa falanki mai kaurin inci 1, domin gindin tankin roba na son ya zauna gaba ɗayansa. Idan wani sashe na lilo a iska, nan zai kumbura har ya tsage.

Na uku, ƙafafu, kuma nan ne zuciyar aikin. Kowace ƙafa a yi ta da tu-bai-fo biyu a haɗe. Ɗaya gajere, wanda firam zai zauna daram a kansa. Ɗaya dogo, wanda zai haura ya rungumi firam ɗin daga gefe a ɗaure su. Gajeren shi ne gwafa, dogon shi ne igiya. Wanda ya samu fo-bai-fo sai ya yanke masa kafaɗa, firam ya zauna a cikinta. Ga tan guda, ni ƙafa 6 nake ba da shawara, 4 a kusurwa, 2 a tsakiyar dogayen ɓangarori. A yanka su tsayi ɗaya ba bambanci, domin wadda ta gaza ko da kaurin kwali ne hutawa za ta yi, 'yan'uwanta su ɗauki kasonta.

Na huɗu, matokari. Gado mai kusurwa huɗu zai iya kwantawa gefe kamar kwalin da aka cire wa gindi, ko da ƙafafunsa na da ƙarfi. Abin da ke hana haka shi ne katakon da aka gitta a karkace daga saman wannan ƙafa zuwa ƙasan waccan, a dukkan ɓangarori 4, tare da ɗamara a ƙasa mai haɗe ƙafafun. Siffa mai kusurwa uku ba ta sauya kama sai dai ta karye. A manyan mahaɗai a huda a sa bol da noti, a bar ƙusa ga falanki. Noti idan ya saki bayan hunturu sai ka ɗauko sifana ka ƙara ɗaure shi. Don tabbatar da firam ya daidaita, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan a auna ɗaya gicciyen, idan awon ya zo ɗaya an dace.

Ƙasa, danshi da gara

Gado mai kyau a kan ƙasa mai laushi aikin banza ne. Turɓayar da ta yi tauri da rani takan jiƙe da damina, ƙafa ɗaya ta nutse, tanki ya karkata, nauyi ya taru a ɓangare guda. A samu daɓen siminti mai kauri, ko a zuba wa kowace ƙafa ɗan kankare nata. Kada a ɗora ƙafa a tsakiyar bulo mai rami, zai fashe. Kada kuma a ajiye tanki a kan murfin sokawe ko bakin rijiya. A nemo siririn tiyo mai nuna ciki, a zuba ruwa kamar yadda magina ke yi, a daidaita kusurwoyin duka.

Katako kamar damin kara yake, ta kansa yake shan ruwa. Saboda haka ƙasan ƙafa ne ke fara ruɓewa. A shafe shi sosai da maganin gara, a sa masa guntun tayar mota a ƙasa, sauran jikin a yi masa fentin mai shafi biyu. Da yawanmu baƙin mai muke shafawa. Wanda zai yi haka ya tsaya iyakar ƙafafu, ya bari ya bushe nesa da tanki, domin da baƙin mai da maganin gara duk guba ne ga kifi. Kuma kowace Juma'a ka durƙusa ka leƙa. Idan ka ga siririyar hanyar laka ta hau ƙafa, gara ta iso. Ka caka ƙusa a jikin katakon, idan ta shige ba gardama, lokacin canji ya yi.

Masu tamfol da masu gilashi

Masu kwamin tamfol, ku naku ruwan a ƙasa yake zaune, amma yana tura katako ta gefe. Idan zurfin ya kai mita 1, kowace mita ta bango na shan turi daidai da kilo 500, kuma mafi yawansa a ƙasa yake taruwa. Bango mai tsawon mita 3 ke nan yana kokawa da kilo 1,500. Don haka katakon ƙasa ya fi na sama buƙatar kauri da kusanci, a kafa dirkoki kusa da kusa, a tokare su daga waje, a kuma goge duk wani tsini da zai huda tamfol.

Masu akwatin gilashi na kifin ado a falo ko ofis, mai tsawon santimita 120 da faɗi 45 da tsayi 45 yana cin kusan lita 240, wato kusan buhun siminti 5, kafin a zuba tsakuwa. Teburin talabijin ba nasa ba ne. Gilashi ba ya yafe murɗewa, saman gadonsa dole ya zama sumul, a shimfiɗa siririn soso kafin a ɗora. Soket ɗin injin iska kuma a sa shi sama da inda ruwa zai iya fantsama, wayar ta sauko ƙasa sannan ta haura, don ɗigon da ya biyo ta ya zube kafin ya kai ga wuta.

Kafin a zuba kifi

Idan an gama, kada a yi gaggawa. A zuba ruwa rubu'in tanki, a zagaya a duba, a kasa kunne. A kai rabi, a bar shi ya kwana. Sannan a cika, a bar shi kwana 3 babu kifi ko ɗaya. A dubi layin ruwan, idan ya fi kusa da baki a wani ɓangare, gadon ya karkata, a zubar a gyara. Asarar jarka 40 ta ruwa ta fi sauƙi a kan asarar wata 5 na abinci.

A rufe bakin tankin da raga mai ƙarfi, kuma kada a yi matakalar da yaro zai iya hawa. Ruwan da aka zubar kada ya kwanta a ƙofar maƙwabci ya tara masa wari da sauro. A bi da shi lambatu, ko a shayar da zogale da ayaba, taki ne mai kyau. Gidajenmu bango ɗaya ne ya raba su, abin da ya faɗi a tsakar gidanka a zauren wani yake ƙarewa, ni shaida ne.

Kammalawa

Ƙannena masu kiwo, idan kun je wurin kafinta, ku daina cewa a yi muku abin ɗora tanki. Ku ce masa: Malam, abin da zai ɗauki buhun siminti 20 cikin danshi, shekara da shekaru, nake so. Ku biya shi haƙƙin wannan aikin, kada ku matse shi har ya rage katako.

'Yan'uwana kafintoci, ku kuma ku tambayi lita nawa ne kafin ku faɗi kuɗi. Idan abin da mutum ya kawo ba zai yi aiki mai inganci ba, ku gaya masa gaskiya, ko da zai tafi wurin wani. Mai tanki ba zai taɓa leƙa mahaɗar da kuka yi ba, ya ba ku amana ne ya koma ɗaki ya kwanta, yaransa na wasa a gindin aikinku.

Gadon da na sake yi bayan wancan daren, da kafintan nan dai muka yi shi. Na gaya masa nauyin, muka je Na'ibawa tare, ya kwana 2 yana aikin da a da ya gama cikin yini. Har yau yana nan da ƙafafunsa 6, kuma idan zafi ya yi yarana na shimfiɗa tabarmarsu a inda suka saba.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da iyalanmu da maƙwabtanmu.